Na sayi takarda kafin in sayi siminti: sharhina kan masu tsara gyaran gida da na ɗauka a Kano

Ba wayewa ce ta kai ni ofishin mutanen nan ba, tabo ne. A 2021 na gyara ɗan gidana da ke Rijiyar Zaki yadda kowa ke yi. Na kira birkila, ya zagaya hannu a baya, ya ɗaga kai ya dubi silin, ya ce buhu talatin zai isa. Buhu hamsin da biyu muka ci. Mai tayil ya gama falo tsaf, bayan kwana uku mai aikin famfo ya zo ya ce ai bututun banɗaki ta ƙarƙashin falon zai bi. Ina tsaye aka sa guduma a tayil ɗin da ko cikon kuɗinsa ban biya ba. Daga ranar na ce in dai zan sake taɓa gini, sai an zauna an rubuta.

To sai ga maganar gidanmu na gado a Gwammaja ta taso. Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, shi ya gina shi a farkon shekarun 1980: ɗaki huɗu, zaure, tsakar gida, rijiya, da bayi a can ƙurya. Hajiya ce a ciki, da ƙanina da iyalinsa. Kwano yana yoyo, filastar gindin bango tana zubowa kamar garin kwaki, ga gwiwar Hajiya ta fara ba ta wahala, zuwa bayin ƙurya cikin dare ya zama aiki. Mu bakwai ne, kuma kowa da gyaran da ke ransa.

Wani abokin aikina ne ya yi min kwatancen ofishin. Ba zan kama sunansu ba, don ba talla na zo yi ba, kuma akwai inda zan taɓa su. Ɗaki biyu ne a saman wani bene, mutum uku ke aiki: injiniyan gini wanda shi ne mai wurin, wani mai lissafin kayan aiki, da wata matashiya mai zanen gini da ta yi karatu a Zariya. Ba sa karɓar kwangila. Abin da suke sayarwa shi ne su zo su duba, su auna, su zana, su ƙiyasta kaya da kuɗi, su jera maka aikin daki-daki, in kana so kuma su riƙa leƙowa lokacin da ake yi. Naira 250,000 suka ce, a watan Oktoban 2023, rabi kafin alƙalami. Leƙo kuma kowane zuwa naira 15,000.

Da na kai wa ƙannena wannan magana sai da aka yi min dariya. Ƙanina ya buga lissafi nan take ya ce kuɗin nan buhu arba'in da wani abu ne, Yaya, za ka ba wa mai biro. Hajiya kuwa, da yake ni ne ɗan fari ba ta kama sunana, cewa ta yi, "Ku ƙyale shi, wannan tun yana yaro sai ya ƙirga tsabar gyaɗa kafin ya ci." A aljihuna na biya, ban sa a asusun gida ba.

Tambayar farko da Injiniya ya yi min ba ta gini ba ce. Cewa ya yi, "Malam, gidan na wa ne?" Na ce na gado ne, ba a raba ba. Ya ce to kafin ya ɗauko tef, yana so magada su zauna su rubuta wa zai biya me, kuma abin da mutum ya kashe kyauta ne ko bashi ne a kan gida. Na ɗan ji haushi a lokacin, ina ganin shisshigi ne. Amma mun zauna bayan sallar Juma'a, kawunmu ya zama shaida, aka rubuta shafi ɗaya kowa ya sa hannu. A wannan zaman na gane cewa ƙanwata ta Kaduna ta ɗauka kuɗin da za ta turo za a lissafa mata su ne a rabonta, mu kuwa mun ɗauka gudummawa ce. Da sai bayan an shafa fenti wannan magana za ta fashe.

Ranar awo su biyu suka zo. Abin da ya fi burge ni a tsarinsu shi ne matashiyar nan. Ita ta shiga cikin gida, ta durƙusa ta gaida Hajiya, ta zauna a bakin tabarma sama da awa guda tana tambaya: Mama a ina kike alwala, da wane hannu kike dafa bango in za ki tashi, ina ake shanya, ina ake ajiye gawayi, ina ruwa yake kwanciya in an yi sama. Mu maza shekara nawa muna shiga gidan nan, babu wanda ya taɓa tambayar matar ƙanina ta ina hayaƙi yake damunta. Ita ta fito da shi a minti goma.

Shi kuma Injiniya ya sa aka kawo tiyo mai haske aka cika shi da ruwa, aka riƙe baki ɗaya a tsakar gida, ɗaya a bakin lambatun titi. Nan aka gano abin da ya canza aikin gaba ɗaya. Mu duk mun tafi a kan cewa yoyon kwano ne yake jiƙa bango. Ashe ba shi kaɗai ba ne. Cikin shekaru arba'in an yi ta cike layin ana ɗaga shi, har tsakar gidanmu ta koma ƙasa da lambatu da kusan taƙi guda. Ruwan indararo ba ya samun hanyar fita, sai ya kwanta ya nutse, bulo kuma ya yi ta zuƙarsa daga ƙasa kamar lagwanin fitila. Ya nuna min shaida: lalacewar filastar duk daga ƙasa take zuwa daidai ƙugu, ga farin gishiri a jikinta, sama kuwa lafiya lau. Ya ce, "Da daga sama yake, Malam, da sama ce za ta fara ruɓewa." Sau biyu a baya muna sake wannan filasta, sau biyu tana zubewa.

Kuma abu ɗaya yana jan ɗan'uwansa. In za a ɗaga tsakar gida da marmara a karkata ta zuwa sabuwar kwata, dole a ɗaga daɓen ɗakuna, in ba haka ba ruwan da ke kwanciya a waje zai koma kwanciya a ƙarƙashin gadon Hajiya. In an ɗaga daɓe, dokin ƙofa ya tashi, tsayin ƙofofi ya ragu. Ƙanina a wancan makon ya riga ya yi ciniki da mai walda a kan ƙofofin ƙarfe huɗu da tsohon awo. Allah Ya sa bai ba da kuɗi ba.

Wannan ƙanin nawa dai shi ne mai son a ɗora bene a kan ɗakunan gaba. Injiniya bai yi musu da shi ba, sai ya sa lebura ya haƙa rami a kusurwa biyu har gindin harsashi. Harsashin ba shi da zurfi, bangon ciki bulo ne mai inci shida, kuma babu ginshiƙin rodi ko ɗaya. Ya ce gidan nan an gina shi ne ya ɗauki kwano, ba rufin kankare na bene ba. In ana son bene sai an kafa sababbin ginshiƙai daga ƙasa, sannan a kai zane KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, a nemi izini, kuma shi ba zai sa hannu a kan wani abu ƙasa da haka ba. Ƙanina ya ce ai maƙwabta sun ɗora nasu ba abin da ya faru. Injiniya ya ce, "Allah Ya ci gaba da tsarewa." Bai ƙara ko kalma ba. An yi kwana biyu ba a ga maciji tsakanina da ƙanina, amma maganar bene ta mutu.

Banɗakin Hajiya shi ne inda na ga amfanin zane ƙarara. Ni a raina kawai a yanki gefen ɗakinta a sa masai. Su kuwa sai da suka duba alƙibla, suka juya masan yadda mai zama ba zai fuskanci gabas ba kuma ba zai ba ta baya ba. Suka sa ƙofa mai faɗin santimita 90, wai ko gaba za a buƙaci keken marasa lafiya. Wannan maganar ba ta yi min daɗi ba da na ji ta, amma gaskiya ce. Tayil mai kaushi a ƙasa, ƙarfen dafawa a bango ta hannun dama, da ɗan dakali na zaman alwala da famfo a gabansa. Ramin sokawe kuma, inda birkilanmu ya nuna tun farko taku biyar ne daga rijiya. Injiniya ya ce aƙalla a ba da mita 15, in da fili ma a ninka. Filin bai kai a ninka ba, sai aka kai shi can bayan zaure aka ƙara tsawon bututu, rijiyar kuma aka bar ta ga wanki da wanke-wanke.

Yanzu ga inda suka ɓata min rai.

Sun ce mako biyu za su kawo takardu. Mako biyar suka yi. Waya kuwa in ka kira Injiniya sau uku ka samu sau ɗaya, kullum yana wani wurin aiki. Na fahimci mutum uku ne kuma aiki ya yi musu yawa, amma da sun ce min wata guda tun farko da ban yi ta yi wa Hajiya alkawarin ranar da ba ta zuwa ba.

Na biyu, takardar ƙiyasin shafi goma sha ɗaya ce, duk da Turanci, da awo irin na 'yan boko. Yashi da tsakuwa an rubuta su da awon kubik mita, alhali a Kano da tifa ake sayen yashi, da kwanon sarki ake auna shi. Birkilanmu, dattijo ne da ya fi shekara talatin yana gini, ya juya takardar sama da ƙasa ya miƙo min ya ce, "Alhaji, wannan ta ku ce." Sai da na koma na zauna da mai lissafin muka mayar da ita tifa kaza, buhu kaza, bulo kaza, rodi tsayi kaza, na kwafe da hannuna a littafin makaranta mai layi. Wannan aiki nasu ne, ba nawa ba. Wanda zai yi hulɗa da irin wannan ofishi ya faɗa musu tun ranar farko cewa yana son takarda biyu, ta ofis da ta bakin aiki.

Na uku, suna da son kaya masu tsada. Rufin da suka fara rubutawa irin mai ruwan tsakuwa ne da ake gani a sababbin unguwanni. Na ce Injiniya, Gwammaja ce fa. Muka sauko kan dogon kwanon alminiyom mai kaurin milimita 0.45. Bai ji daɗi ba, amma ya gyara lissafin.

Abin da ba zan iya kushewa ba shi ne shafin ƙarshe, jerin aiki. Shi kaɗai ya ci kuɗinsa. Rufi da farko, cikin hunturu, tun sama tana bushe. Sai haƙa, kwata, sokawe da duk bututun da zai bi ƙasa. Sai cikon marmara a daddaɓe shi. Sai mai wayarin ya fasa bango ya binne fayif ɗinsa. Sai a gwada famfo, a cika bututu da ruwa a bar shi kwana guda a ga ko zai zubar, kafin a rufe. Bayan nan filasta, silin, tayil, ƙofofi, fenti a ƙarshe. A gefen kowane layi an rubuta wanda zai yi da wanda dole ya gama kafin shi ya shigo. Har da layin da ya ce duk aikin kankare a gama shi kafin azumi, wanda a 2024 ya kama 11 ga Maris, daidai shigowar zafi. Dalilinsa biyu: lebura mai azumi ba ya kai azahar yana kwaɓa, kuma kankare a zafin Kano in ba a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda ba, tsagewa yake. Ni da kaina wannan lissafin bai zo min ba, ga shi kuwa kowace shekara ina azumin ina shan zafin.

Sun kuma raba kaya gida biyu: wanda za a saya a ajiye, da wanda ba ya ajiyuwa. Kwano, rodi, waya, fayif, tayil da kayan banɗaki suka ce in saya nan take in kulle a zaure, don tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuma aka saki naira, farashi ba ya kwana inda ya yini. Siminti kuwa suka ce kada in tara fiye da abin da za a ci cikin 'yan makonni, kuma a ɗora shi a kan katako nesa da bango, don yana shan danshi ya daskare.

Injiniya ya raka ni sayayya sau ɗaya, kuma wannan rana ta koya min abin da ban sani ba. A Ƙofar Ruwa ya fito da ɗan ƙarfen awon kauri daga aljihu. Rodin da aka miƙo mana a shagon farko da sunan mai kaurin milimita 12, da aka auna bai cika ba. Shago na uku muka samu cikakke, da ɗan bambancin kuɗi. A 'Yan Katako na Na'ibawa kuma ya ƙi ɗanyen katako, ya ce zai murɗe in ya bushe a kan rufi, sannan ya nace a shafa maganin gara na gaske, ba baƙin mai kaɗai da kafinta ya saba ba. Da aka yaye tsohon rufin na ga dalili: wasu katakan da yatsa ake huda su.

Shawarar simintin ce ta zo da tsautsayi, kuma ban ɗora musu laifi ba. An yi lissafi a kan naira 5,500 buhu. Muna tsakiyar aiki, cikin Fabrairun 2024, siminti ya yi tashin gwauron zabi, a wurare da dama a ƙasar nan ya haura naira 10,000. Har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge aka sanar da cewa buhu ya tsaya tsakanin 7,000 zuwa 8,000. Sanarwa daban, bakin shago daban. Kashi goma cikin ɗari da suka ware na ko-ta-kwana ya narke a makonni biyu. Amma ga inda takarda ta yi rana: da yake na san buhu nawa ya rage da inda kowane zai shiga, mun zauna da Injiniya muka zaɓi abin da zai iya jira. Aka ɗage filastar katangar waje da daɓen zaure, aka zuba abin da ke hannu a kwata da banɗaki da gindin bango. Da irin aikina na 2021 ne, da sai dai kawai a wayi gari birkila ya ce siminti ya ƙare, a bar Hajiya da ramin sokawe a buɗe. Kwano da waya da na saya tun Disamba kuwa, da na koma tambaya a watan Maris sai na yi hamdala.

Leƙon aiki shi ne rabi da rabi. Cikin zuwa tara da na biya, sau huɗu wani ɗalibi mai koyon aiki aka turo, yaro mai ladabi amma ba zai iya ɗaga murya a gaban dattijon birkila ba. Ranar da Injiniya ya zo da kansa kuwa, ana ganin bambanci. Akwai ranar da ya tarar an tsinka kwaɓin kankare da ruwa don ya yi saurin zuba. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Baba, ku ne iyayenmu a sana'ar nan, amma wannan kunu ne." Baba ya yi dariya, aka ƙara siminti da tsakuwa, aka koma awon siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Daga baya har shiri suka yi, don shi ma Baban ya nuna masa wani abu: inda zane ya sa bakin kwata, nan ne maƙwabcinmu yake ɗaure tumakinsa, kuma da an bi zanen da rigima ce ta shekara. Aka matsar da ita taku uku. Takarda ba ta san tumakin maƙwabci ba. Da zan sake, zan rubuta a yarjejeniya cewa ranar zuba kankare da ranar gwajin famfo shi da kansa zai zo, sauran ranakun ya turo wanda ya ga dama.

Lissafin tayil ɗinsu ma ya gaza da kwali shida, saboda ɗakunan tsohon gida ba su miƙe ba, yanka ya yi yawa. Da na koma shagon, irin launin ya ƙare. Wanda ya shiga ɗakin ƙanina ya duba bayan ƙofa zai ga layi biyu da suka fi sauran duhu. Matarsa ta ɗora akwati a wurin.

An ƙiyasta aikin a kan naira miliyan 6.8, ya tashi a miliyan 8 da 'yan kai, kuma mafi yawan ƙarin siminti ne. Ba a fasa ko tayil ɗaya don a binne bututu ba. An ce za a gama kafin ƙaramar salla, ba a gama ba sai mako uku bayanta. Hajiya ta yi wata huɗu a gidana, kullum tana tambayar yaushe za ta koma ɗakinta, wai unguwarmu ba a jin kiran salla sosai.

Ga wanda zai yi fenti kawai ko ya canza ƙofa, ba ya buƙatar waɗannan mutane, kuɗinsa zai ɓata. Amma tsohon gida, gidan gado, ko duk aikin da mai famfo da mai wayarin da mai tayil za su haɗu a ɗaki ɗaya, ni dai zan sake komawa wurinsu, da sharuɗɗan da na faɗa, kuma zan fara nemansu wata biyu kafin lokacin da nake so, tunda na san saurinsu.

A watan Agusta, daren da aka kwana ana ruwa, da asuba na ɗauki mota na tafi Gwammaja. Layin ya cika har idon sawu. Na yi sallama na shiga, tsakar gida ta tsane, ruwa yana bin kwata yana fita. Hajiya na zaune a kan dakalinta ta idar da alwala. Ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba, sai da na juya zan fita ta ce ƙofar banɗakin tana cijewa in an yi sanyi, a turo kafinta. Katangar waje har yanzu ba filasta, tana nan a shafi na goma sha ɗaya, layi na biyu daga ƙasa.